Alƙalamina Ya Cije Wata Huɗu, Ko Basirar Ce Ta Ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni marubuciya ce, ina sakin littafina a WhatsApp da Wattpad (dandalin karanta labarai a intanet), shafi uku kowane mako. Na kai shafi na 41, daidai inda za a ɗaura wa yarinyar labarin aure da mutumin da ba ta so, sai komai ya tsaya mini cak. Wata huɗu ke nan. Da na ɗauki waya zan yi taifin, sai in rubuta layi biyu in goge. Masu karatu sun hana ni sakat, wasunsu ma sun riga sun biya kuɗi. Gwaggona ta ce baki ne ya kama ni. Me ke kawo wannan abu? Ko dai basirar ce ta ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. Basirarki na nan daram, kuma shaidata ita ce wasiƙar taki. Kafin in rage ta, ta kusa cika shafi biyu. Kin kwatanta mini yadda gwaggonki ta riƙe haɓa tana salati, kin kawo maganar mai karatun da ta tambaya ko rasuwa kika yi ba a sanar ba, har sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Wadda basirarta ta ƙafe ba ta iya wannan. Hannunki yana rubutu lafiya ƙalau, abu ɗaya ya ƙi rubutawa, shi ne shafi na 42. To nan za mu tsaya mu duba, don ruwa ba ya tsami banza.

Kukan nan ya girme mu duka. Farazdaƙu, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Larabawa na zamanin Banu Umayya, mutumin da ya yi shekara kusan 40 suna musayar zambo da takwaransa mawaƙi Jariru, shi da bakinsa ya ce akan yi lokacin da a cire masa haƙori ya fi masa sauƙi a kan ya tsara baiti ɗaya. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 889 Miladiyya, shi ya kawo maganar a littafinsa na waƙa da mawaƙa. Ya ƙara da nasa bayanin, cewa waƙa tana da lokutan da na kusa da ita ke yin nisa, kuma ba a san dalili ba sai dai wani abu da ya bijiro wa ɗabi'ar mutum, ko rashin kyan abinci ko wani baƙin ciki da ya ratsa zuciya. Kin ga tun sama da shekara dubu ya nuna ciki da zuciya, bai ce baiwar ce ta gudu ba.

Sunan da Turawa ke kiran abin da shi, wanda ma'anarsa toshewar marubuci, bai daɗe ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya mai bin tafarkin Freud, shahararren masanin halayyar ɗan'adam, Edmund Bergler, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya raɗa shi a 1947. Bayanin da ya bayar, wai tushen abin yana can a zamanin shan nono da yaye, yau kusan ba mai kula shi. Sunan ne ya tsira, kuma a ganina ya yi ɓarna, don ya sa mutane na ɗaukar abin cuta guda mai magani guda. Ni na fi kwatanta shi da zazzaɓi. Jiki ya yi zafi, amma ko maleriya ce, ko taifod, ko haƙori ne yaro ke fitarwa, sai an bincika. Wanda ya ɗirka wa mai taifod maganin maleriya ya san yadda ake ƙarewa. (Masana ma sun taɓa mai da abin raha. A 1974 wata mujallar masana halayyar ɗan'adam ta buga maƙalar wani Dennis Upper kan yadda ya kasa warkar da kansa daga wannan matsala. Take ne kawai a sama, sai farar takarda fayau.)

A cikin shekarun da na yi ina gyara wa marubuta aiki, dalilin da na fi cin karo da shi shi ne wanda kika bayyana ba ki sani ba: layi biyu, sai ki goge. Rubutu aiki uku ne a cikin kai ɗaya. Akwai tsara abin da za a faɗa, akwai zuba shi cikin kalmomi, akwai dubawa a gyara. Linda Flower da John Hayes sun nuna haka a farkon shekarun 1980, lokacin da suka riƙa sa marubuta su faɗi duk abin da ke zuwa musu a rai da ƙarfi suna cikin rubutu, ana naɗar muryarsu. Sun ga ba a jere ake yin ayyukan ba, marubuci yana ta kai da komo ne a tsakaninsu. Matsalar ita ce abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda ɗan kaɗan ne. In mai dubawa ya shigo da wuri ya baje kayansa, mai zubawa ba shi da wurin zama. Ki ɗauka kina tuƙa tuwo, uwar mijinki na tsaye a kanki, duk juyi ɗaya na muciya sai ta ce ki tsaya ta ga ko ya yi gudaji. Tuwon nan ba zai tuƙu ba, ko da kin fi kowa iya girki a unguwar.

Mike Rose, wani malami a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ya buga wani ɗan bincike a 1980 kan ɗalibai 10, biyar masu cijewa, biyar marasa cijewa. Bai sami bambancin ƙwazo a tsakaninsu ba. Bambancin yana cikin ƙa'idojin da suka riƙe. Wata ta haddace cewa dole sakin layi na farko ya cafke mai karatu, don haka sai ta kwana a kansa ba ta wuce ba. Wata kuma an koya mata cewa sai an kawo hujja uku ko fiye, ko da abin da za ta faɗa bai kai uku ba. Su ma marasa cijewar suna da ƙa'idoji, amma riƙon sakainar kashi suke yi musu, in ƙa'ida ta tare hanya sai su ture ta su wuce. Ku ma kuna da naku irin. Dole kowane shafi ya ƙare a inda zai tsinka zuciya. Dole ya kai ridmo biyar, wato sau biyar ana danna "read more", yadda kuke awon tsawo a WhatsApp, in ba haka ba a ce kin yi rowa. Dole a sa karin magana. Ga kuma fargabar ƙa'idar rubutu, ko "akan" ne ko "a kan", ko a bar Sakkwatancin tsohuwar labarin yadda yake ko a mai da shi Kananci. Duk waɗannan aikin ranar gyara ne, kuma ranar gyara daban take.

Ki dubi makaɗan baka namu. Mutum yana tsaye gaban jama'a, kalangu na tashi, an ce ga wane ya shigo, nan take zai saka shi a waƙa har da kakanninsa. Ba shi da damar gogewa. In ɗan waƙa ya fito a karkace, ya wuce, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya sami numfashin ƙulla na gaba. A 2008 wasu likitoci biyu a Amurka, Charles Limb da Allen Braun, sun saka makaɗan jaz shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna kiɗa. Da makaɗan suka bar abin da suka haddace suka shiga ƙirƙira nan take, sai aka ga wani yanki na gaban ƙwaƙwalwa, wanda ake dangantawa da sa wa kai ido da taka wa kai burki, ya lafa. Mutum shida ba su isa a kafa doka da su ba, kuma kiɗa ba rubutu ba ne. Amma abin ya yi daidai da abin da duk mai ƙirƙira ya sani a jikinsa: lokacin da abu ke zuba, mai sa idon nan barci yake yi. Wayarki kuwa tashinsa take yi, don maɓallin gogewa yana nan ƙarƙashin babban yatsanki.

To, me ya sa naki mai sa idon ya farka a shafi na 41, bai farka a na 5 ba? Nan nake ganin bakin zaren yake. Ranar da kika fara littafin nan ba mai jiran ki. Ke da wayarki ne, kina yi don daɗi. Yau kuwa duk jimlar da za ki rubuta, ɗaruruwan mutane ne ke leƙe ta kafaɗarki tun ba ki kai ƙarshenta ba. Rabinsu na son yarinyar ta auri saurayinta, rabi sun koma bayan angon, kuma kin san duk ɓangaren da kika ɓata wa za su yi miki ca a sharhi, wasu har da zagi. Marubutan da, na zamanin da ake kai littafi kasuwa a jera shi a shago, sukan gama aƙalla kashi ɗaya cif kafin kowa ya gani. Ke kuwa ana ɗanɗana miyarki tun tana kan wuta, kowa na faɗin abin da za a ƙara. Sannan ga kuɗin da aka biya, wanda ya mai da abin sha'awa ya koma bashi. Mai bin ki bashi ko sallamarsa kika ji sai gabanki ya faɗi, balle a ce ki zauna ki ba shi labari mai daɗi.

Yabo ma yana cije alƙalami, wani lokaci fiye da zagi. Ralph Ellison, baƙar fatar Amurka, ya fitar da littafinsa na farko a 1952, ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar a shekarar da ta biyo. Daga nan duniya ta zuba ido tana jiran na biyu. Ya yi shekara kusan 40 yana aikinsa. Gobara ta cinye masa wani sashe a 1967, ya ci gaba. Ya rasu a 1994 ya bar shafuka sama da 2,000, littafin bai kammalu ba. Mutumin da ya cika shafi 2,000 ai ba za a ce ya kasa rubutu ba. Abin da ya gagare shi shi ne ya ce ya isa haka, a kai wa jama'a su gwada shi da na farko.

Akwai kuma wasu idanun da ba ki ambata ba, amma na san suna nan. Shafi na 42 shafin auren dole ne. Za ki shiga ɗakin amarya, za ki faɗi abin da uba ya yi da abin da uwa ta kasa yi. Gwaggonki ta san kina rubutu, ke nan dangi na karantawa, ko ana karanta musu. Marubuciya a wajenmu tana rubutu ne da sanin cewa za a iya ɗaukar maganar da ta sa a bakin wata a ce halinta ne, a ce ba ta da tarbiyya, ko a ce da gidan wane take. Waɗanda suka yi rubutu a Kano a 2007 da 2008, lokacin da aka tsananta tace littattafai, aka ƙona wasu a bainar jama'a, aka nemi marubuta su yi rajista, sun san yadda abin ke aiki. Mai tacewa na waje yakan tashi daga aiki ya tafi gida. Wanda ya tare a cikin kai ba ya tashi, kuma shi tun kafin a rubuta yake yankewa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: fuskar wa nake gani in na ɗora yatsa a kan wayar nan? Sau da yawa mutum ɗaya ne tak, kuma da an ambaci sunansa a zuci sai ƙarfinsa ya ragu.

Wannan ke nan. Amma akwai wani dalilin da ke kama da shi a ido, alhali maganinsu ya sha bamban, kuma ina zargin yana cikin naki. Wani lokaci alƙalami yana cijewa ne don labarin ya saki hanya tun can baya, hannu ya gane, kai bai gane ba tukuna.

Ni ma na sha wannan, wata 14 cur. Ina rubuta labarin wasu 'yan kasuwa biyu wa da ƙani, ƙanin ya ci amanar wan a kan dukiya. Na riga na tsara tun farko cewa ranar Sallah wan zai taka har gidan ƙanin ya yafe masa. A littafin makaranta mai layi nake rubutu da biro a lokacin. Na rubuta sallamarsa a zauren gidan nan ya fi sau 20, duk wanda na karanta sai in ji ƙarya nake yi, in yage takardar. Har na fara cewa rubutu ya bar ni. Wata rana da la'asar ina zaune kusa da Innarmu tana tsince wake a faifai, sai na shiga ba ta labarin kamar wasu mutane ne na gaske. Ba ta ko ɗago kai ba. Da na zo wurin zuwan wan, sai ta watsar da tsakuwar da ke hannunta ta ce, "Wannan da kika faɗa mini halinsa? Ai ba zai je ba. Sai dai in uwarsu ce ta aika a kira mata su duka biyun." Shi ke nan. Na gina mutum mai zuciya shafi bayan shafi, sannan na zo ina tura shi inda ƙafarsa ba za ta taka ba. A daren na rubuta shafi 9, na haɗa su a ɗakin uwar tasu.

Kin ce masu karatu na son yarinyar taki saboda tsiwarta da taurin kanta. To yarinyar da kika yi shafi 41 kina nuna mana ba ta barin ko-ta-kwana, za ta zauna a lulluɓe ta a kai ta gidan wanda ba ta so, ba ta ce uffan ba? Mai yiwuwa ne, mutane na karyewa. Amma in za ta karye, sai mun ga abin da ya karya ta, kuma wataƙila wurinsa shafi na 35 ne, ba ki rubuta shi ba. Wahalar mai saki kashi-kashi ke nan, abin da ya fita ya fita, ba dama ki koma ki gyara sai dai ki yi dabara a gaba.

Ga yadda nake rarrabe su in marubuci ya kawo mini kuka. Ki zaunar da ƙanwarki ko wata aminiya, ki kunna rikodar waya ki ajiye gefe, ki ba ta labarin shafin da baki, yadda za ki ba da labarin abin da ya faru a gidan biki. In labarin ya zubo, har kina kwaikwayon muryoyi, to labarin lafiyarsa lau, idanun mutane ne suka danne ki, kuma ga shafinki nan a cikin waya sai kwafewa. In kika kai wani wuri kika fara "to, sai dai... wato...", ko ita mai sauraron ta yamutsa fuska ta ce "haba dai", to ga inda ya karye nan. In kuwa kika ga ba ki ma san abin da za ki faɗa ba, ba ki san yadda ake yi a irin wannan wuri ba, to rumbu ne ya yi ƙasa.

Wannan na rumbu ba ya buƙatar dogon bayani. Shafi uku a mako, wata da watanni, ana ɗiba ba a zubawa. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, cikin wata shida a Zariya a 1936, yana ɗan shekara 25. Akan faɗi wannan don a nuna baiwarsa, kuma yana da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an ɗauke shi daga aikin koyarwa a Katsina don ya yi wannan kaɗai, kuma Rupert East, Baturen da ke shugabantar ofishin talifi na Zariya, ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban ya karanta ya sarrafa. An ba shi lokaci, an cika masa rumbu. Yaushe rabonki da karanta littafin da ba irin naki ba? Yaushe rabonki da zama cikin tsofaffi ranar kamu ki saurara kawai?

Wani shirun kuma rayuwa ce ke kawo shi, kuma zalunci ne a kira shi da sunan cuta. Chinua Achebe ya fitar da ƙagaggen labari a 1966, bai sake fitar da wani dogo ba sai 1987, shekara 21. A tsakani an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ya rasa amininsa mawaƙi Christopher Okigbo a fagen fama. A shekarun nan ya rubuta waƙoƙi da gajerun labarai da maƙaloli. Dogon labari ne zuciyar ba ta da sararin ɗauka. Shehu Hamidu Kan na Senegal shekara 34 ya yi tsakanin littafinsa na farko a 1961 da na biyu a 1995, yana can cikin aikin gwamnati da na hukumomin duniya. Matar da ta tashi tun asuba, ta yi girki, ta shirya yara, ta je aiki ko makaranta, ta dawo ta sake ɗora tukunya, sannan ƙarfe 11 na dare ta ɗauki waya cajinta saura kaɗan ga ba wuta, in ta kasa rubutu gajiya ce, sunanta ke nan.

Akwai wanda ya fi wannan zurfi, kuma ina so ki karanta nan a tsanake. Imam Gazali ya ba da labarin kansa. A shekara ta 488 bayan Hijira, wato 1095, yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai 300 a gabansa, ba malamin da ya kai shi suna. Sai harshensa ya ɗaure. Ya ce yakan yi ƙoƙarin ya ba da darasi ko na rana ɗaya don ya faranta wa masu zuwa, kalma ta ƙi fita. Abin ya kai har abinci ba ya narkewa a cikinsa. Likitoci suka duba suka ce wannan abu ne da ya sauka a zuciya, ba magani sai damuwar ta yaye. Shi kuma ya san damuwar: ya binciki niyyarsa ya ga neman girma da suna ne ke tura shi, ya yi kusan wata shida yana ja-in-ja da kansa. Daga ƙarshe ya bar Bagadaza, kuma a shekarun keɓewar nan ne ya rubuta shahararren littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne, wani lokaci harshe ko hannu na ƙin aikin da zuciya ta riga ta fice daga cikinsa. Yana yiwuwa littafin da kika fara bara ba shi ne wanda kike son rubutawa bana ba.

Sannan ga jiki kansa. Ciwon damuwa yana kashe sha'awar komai, rubutu kuwa yakan kasance cikin na farkon tafiya. Haka damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wadda akan rufe da sunan jego ne kawai. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, rashin barci na tsawon lokaci, duk suna dusashe tunani. Alamar ita ce abin bai tsaya a kan rubutu kaɗai ba. In kin kai mako biyu ko fiye ba kya jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa, barci ya rikice, abinci ya fita a ranki, kuka na zuwa ba dalili, ko kina jin rayuwar ma ba ta da amfani, to ajiye maganar shafi na 42, ki ga likita. Ba sai an je asibitin ƙwaƙwalwa ba, likitan asibitin da kika saba zuwa ya isa ya fara dubawa. Yadda wasiƙarki ke da raha ya sa ban karkata nan ba, amma na san masu raha da yawa da ke ɓoye abu a ƙarƙashinta, shi ya sa na faɗa.

Maganar gwaggo kuwa, ba zan ce ki yi musu da ita ba. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki yi addu'a, wannan ba ya hana komai. Abin da nake gudu shi ne ki jingina duka abin a kan baki, ki naɗe hannu kina jiran a karya. Larabawan Jahiliyya sun yi imani kowane mawaƙi yana da aljaninsa da ke ba shi waƙa, mu ma har gobe ana raɗe-raɗin wane mawaƙi mutanen ɓoye ne ke ba shi. Illar wannan tunani ita ce yana mai da basira baƙuwa, wadda sai ta ga dama ta zo. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Robert Boice, ya gwada wannan a 1983 da malaman jami'a 27 masu fama da rubutu. Ya raba su uku. Wasu ya ce su dakata da rubutu sai in ya zama dole, wasu su rubuta in sun ji sha'awa, na uku kuma ya yanka musu lokaci, da sharaɗin duk ranar da suka saɓa za a aika da kuɗinsu ga wata ƙungiyar da suka tsana. Na ukun sun rubuta fiye da ninki uku na masu jiran sha'awa, kuma sababbin dabaru sun fi zo musu akai-akai. Ina yarda da rabin darasin, cewa zaman ne ke jawo basira. Bulalar kuwa ban yarda a ɗora ta a kan kowa ba. Wadda labarinta ya karye ko jikinta ba lafiya, in aka ƙara mata tara, an ƙara mata wani mai bin bashin ne kawai.

A naki, ga abin da zan yi in ni ce. Zan fara sauke bashin. Ki fito ki gaya wa masu karatu gaskiya a taƙaice, cewa littafin ya tsaya, ba za ki ci gaba da saki ba sai kin kammala shi, wadda ba za ta iya jira ba ta karɓi kuɗinta. Za a yi surutu kwana biyu, a wuce wurin. Daga nan ki rufe sharhi, ki daina leƙawa. Ki sayi littafin rubutu da biro, don biro ba shi da maɓallin gogewa, in kin yi kuskure ja layi ɗaya ki wuce. Ki zaɓi lokacin da gidan ya yi tsit, ko minti 20 ne bayan sallar asuba, ki rubuta shafin da niyyar ba wanda zai gan shi, har da abin da kike tsoron gwaggo ta karanta. Tacewa na nan zuwa daga baya, da hannunki, ranar da kika ga dama. In farkon shafin ya ƙi, ki tsallake shi ki fara daga inda kike gani a idonki, ko da tsakiya ne.

Amma kafin duk wannan, yi gwajin bakin nan yau da daddare. Ki fara daga safiyar ranar sa lalle, an cika tsakar gida, ƙawaye na ɗaki, ga wata tsohuwa ta shigo da ƙwarya a hannu. Ki rubuto mini abin da yarinyar ta yi da tsohuwar ta durƙusa gabanta, ko ta miƙa ƙafar ko ta janye.